Yadda Na Zama Ɓawon Itace a Kwarin Farar Laima

Da sunan Wanda Ya saukar da cuta Ya saukar da magani, Ya nisanta tsakaninsu domin a san darajar ƙafa. Gaisuwa ga mai sauraro, na kusa ya ji da kunnensa, na nesa ya ji a bakin masu ƙari.

Ni ne Tunau ɗan Gajere, mutumin Tungar Ƙarfe, wanda ake yi wa kirari da mai shimfiɗa tabarma a bakin rami. Karatuna bai yi nisa ba, don malam ya sallame ni tun ranar da ya karkata buta zai yi alwala kwaɗo ya faɗo masa a hannu. Saboda haka in kun ji maganata ta karkace, ku tallafe ta.

Ina da taubashi, Arzika maƙeri, ɗan kawuna. Shi ɗan namiji ne, ni ɗan mace, don haka ba ya kirana sai da "bawana". Ranar ɗaurin aurensa da Ige na zuba masa dakakken barkono a fura, ya yi ta hawaye gaban surukai. A nan ya rantse ba zai sake karɓar abin sha daga hannuna ba sai na fara kurɓa. Ga shi mun fara furfura, bai karya rantsuwar ba.

A shekarar da nake ba ku labari, wata cuta ta shigo garinmu, tsofaffi suka kira ta busasshen zazzaɓi. Jiki ya ɗauki zafi kamar kasko, amma ko ɗigon gumi ba ya fitowa. Ido ya bushe, mai ciwo ya so kuka babu hawaye. Daga nan fata ta fara tsagewa tun daga ƙafa, kamar fadama da rani. Wanda tsagar ta kai masa wuya, sai a aika a fara haƙa.

Ta kama Arzika, mutumin da a da in yana ƙira gumin gemunsa ke kashe garwashi. Aka dafa masa sassaƙen maɗaci, aka jiƙa saiwar sanya, aka yi masa surace da ganyen darbejiya har bargon ya rine. A banza. Wani tsohon wanzami da ya yi yawon duniya ya zo ya kafa masa ƙaho, jinin ya fito baƙi kamar tawada. Ya ja ni gefe.

Ya ce, "Wannan sai farar laima. Itace ne a wani kwari bayan Kogin Toka. Lokacinsa gajere ne, yanzu haka ya kusa wucewa. Kuma ba a aiko da shi, mai ciwo ake kaiwa."

Na ce, "Baba, sassaƙensa ake sha ko saiwa?"

Ya ce, "Can za su gaya maka. Abin da suka ce, shi za ka yi." Ya dube ni sama da ƙasa, ya ƙara da cewa, "Da dai wani aka samu."

Babu wani. Masu ƙarfin gari, waɗansu na kwance, waɗansu na haƙa. Na ɗora Arzika bisa jaki, na ɗaure shi da rawani, Ige ta raka mu bakin gari. Tsagar a lokacin tana idon sawunsa.

Muka bi ta ƙasar da ƙasarta ja ce, muka shiga wadda duwatsunta ke tsaye kamar masu zaman makoki, har muka iso Kogin Toka. Ruwansa ba ya gudu, rarrafe yake yi, kuma ba ya nuna wa mutum fuskarsa. Masu fiton wurin dogaye ne, idanunsu kamar na kifin da ya kwana. Muna jiran layi na ga yadda suke yi. Kowane matafiyi sai sun dafa goshinsa kafin ya shiga kwale-kwale. Wani tsoho da aka ji jikinsa da zafi, ba su hana shi shiga ba. Da aka kai tsakiya suka ɗaga shi su biyu, suka sake shi a hankali. Kogin ya rufe, ko kumfa bai yi ba.

Wata mata kusa da ni ta raɗa mini, "Rabon kogi ne. Ba ya yarda a haye da cuta a kansa."

Arzika ya buɗe ido ya ce, "Bawana, juya da ni. Gara ramin gida."

Na ce, "Rufe baki, baƙin maƙeri. Ka yi fuskar manya."

Na zaga bayan wata bukka inda ake gasa kifi, na saci garwashi, na sa a ƙahon saniya, na cusa cikin bargo daidai hammatarsa. Da babban mai fito ya miƙo hannu zai dafa shi, na buge hannun.

Na ce, "Kai, kana son tafinka? Wannan Sarkin Maƙeran ƙasarmu ne. Mu maƙeranmu ba sa barin wuta a murhu in za su yi tafiya, a jiki suke ɗauke da ita."

Ya ce, "Zazzaɓi ne."

Na ce, "Ka taɓa ganin mai zazzaɓin da ba ya gumi? Kawo lofenka."

Ya miƙo lofen tabarsa a kashe. Na cusa shi cikin bargon, na yi ɗan surkulle da sunayen kajin uwata, na fito da shi yana hayaƙi. Masu fito suka ja da baya. Suka haye da mu har da jaki, kowa na miƙo ƙugiyarsa Arzika ya tofa mata albarka, shi kuwa ko yawun tofi ba shi da shi. Da muka taka ƙasa ya ce, "Ka ƙone mini hammata." Na ce, "Kogi ba ya ƙone hammata, in mayar da kai?"

Gaba kaɗan muka faɗa wata kasuwa da ba a sayar da komai a cikinta sai maganin farar laima. Kowace rumfa da tulu, kowane tulu da farin fure yana yawo a kai, kowane mai rumfa yana rantsuwa nasa ne na ainihi. Ni kuwa mai wasa ba ya rasa gane ɗan'uwansa. Na leƙa bayan rumfuna na ga ana yayyaga auduga da furen tumfafiya ana watsawa a ruwan rijiya. Wani mai ido ɗaya ya kama ni ina leƙe. Maimakon ya yi fushi sai ya yi murmushi.

Ya ce, "Na ga kai ɗan hannu ne. Ai fure na baƙi ne, malam. Yana da kyan gani. Kai ma ka san inda ƙarfin itace yake."

Na gyaɗa kai. Wa bai sani ba? Tun da aka haife ni, magani a sassaƙe yake, ko a saiwa, kuma da ɗacinsa ake gane shi. Fure kuwa abincin zuma ne. Na sa wannan magana a aljihu, muka wuce. Tsagar ta kai gwiwar Arzika.

Bakin kwarin wata tsaga ce tsakanin duwatsu biyu. Masu gadi biyu suka tare mu, ba takalmi a ƙafarsu, kuma ba sa magana sai da raɗa.

Ɗaya ya ce, "Jaki ba ya shiga, yana kuka. Takalmi ba ya shiga. Ba a kiɗa, ba a daka, ba a kiran mutum daga nesa. Ba a dariya."

Na ce, "Mutuwa aka yi?"

Ya ce, "Fure ake yi. Itacen nan cikinsa rami ne kamar sarewa, ƙara na shiga jikinsa. In ya girgiza, fure ya zube, mun yi asarar shekara."

Na goya Arzika a baya muka shiga. Zafinsa na ratsa rigata kamar na goya tanda.

Jama'a, na ga wurare, amma ban ga inda shiru ke da nauyi kamar kwarin nan ba. Itatuwan sirara ne, ba su cika tsawo ba, suna tsaye a jere har iyakar gani. A kansu fararen furanni ƙanana ƙanana sun haɗu sun yi faɗi kamar laima, sai dai yawancinsu sun riga sun yi ruwan ƙasa sun bushe. Ƙamshi ya cika ko'ina, mai daɗi har ya so ya yi yawa, irin na ɗakin da aka yi wa gawa turare. Mata na niƙa a kan dutse a hankali, turame a kife. Zakaru na yawo an ɗaure musu baki da zare.

Sai na fara ganin mutanen.

Jefi-jefi, a jikin wani itace, sai ka ga mutum a tsaye, bayansa manne da gangar itacen, an naɗe shi da igiya daga ƙirji zuwa gwiwa. Wani sabo ne, idonsa na yawo. Wani gemunsa ya kai cibiya. Wani kuwa igiyar ta ruɓe ta faɗi, amma bai tafi ba, don ɓawon itacen ya riga ya hau kafaɗunsa ya rufe kunnensa ɗaya. Wannan ya buɗe ido da muka zo wucewa. Bai dubi fuskata ba. Wuƙar da ke ƙuguna ya duba.

Na tambayi mai gadin da ke mana jagora, "Su wane ne waɗannan?"

Ya ce, "Ɓawo ne."

Na ɗauka irin ba'arsu ce, har na so in yaba masa.

Ya kai mu gidan wata tsohuwa, Inna Tambai, wadda ita ce mai ba da magani a kwarin. Ƙarama ce, fuskarta duk tamoji, amma idanunta garau kamar na jariri. Daga baya na ji da ruwan furen take wanke su kowace safiya. Ta duba tsagar, wadda ta kai ƙugu, ta taɓa harshen Arzika.

Ta ce, "Kun zo a ƙurarren lokaci, 'ya'yana. Laima ɗaya ta rage inda hannu ke kaiwa."

Muka bi ta zuwa wani itace da ya fi sauran tsawo, shi kaɗai ne furensa bai bushe ba. Ta durƙusa ta gaishe shi kamar yadda ake gaida suruka, ta faɗi sunan Arzika, ta roƙi arziki. Sannan ta miƙa hannu ta tsinke laimar da ke ƙasa. Can sama kuwa akwai su fari fat, sun fi a ƙirga.

Na ce, "Inna, ga su can da yawa. In hau?"

Ta ce, "Na sama rabon itace ne, da su zai yi 'ya'ya. Ba a hawa, ba a girgizawa, ba a sa sanda. Sai dai abin da ya faɗo da kansa a kan mayafin mai ciwo, wannan kyautarsa ce."

A gida ta tsige furannin daga sandunansu, ta zuba a ƙoƙo, ta kwarara ruwan zafi, ta rufe da faifai. Tana yi tana gaya mini amfaninsa: ga zazzaɓi da mura, yana buɗe ƙofofin gumi. In ya huce a wanke ido da shi. In an cuɗa shi da man shanu a shafa a ƙuna. 'Ya'yansa sai sun yi baƙi an dafa su. Ta ɗaga yatsa.

Ta ce, "Ganye da ɓawo da saiwa, ba namu ba ne. Ka ji ni?"

Na ce, "Na ji, Inna."

Ta ce, "Zan kai wa na ɗaure ruwa. Kada a buɗe. In na dawo zai sha."

Tana fita na buɗe. Ruwa ne garai-garai, ɗan rawaya-rawaya, yana ƙamshi kamar amarya. Na tsoma yatsa na lasa. Ko alamar ɗaci babu. Zuciyata ta ce, Tunau, yau ga ka a hannun manya. Ka ga gaisuwar itace, ka ga raɗa, ka ga zakaru da ɗaurin baki, duk ado ne irin wanda kai ma kake yi kafin ka zaunar da mutum a kan tabarmar rami. Me ya sa za ta hana ɓawo in ba a nan maganin yake ba? Wa ke tsare abin banza da igiya?

Na zare wuƙa na koma wurin dogon itacen. Ba kowa. Na sassaƙo ɓawonsa, tsawon kamu, faɗin tafi. Itacen ya yi wani ɗan sauti daga ciki, kamar an hura bakin tulu. Na ce iska ce.

Na dafa sassaƙen a tukunyar Inna har ruwan ya yi duhu, wari ya tashi mai hawa kai. Na ce yawwa, ga magani. Na nemi ƙoƙon zubawa ban ga wani ba sai na furen. Na watsar da ruwan furen a ƙasa, ƙasa ta shanye. Na cika ƙoƙon da nawa, na tallafo kan Arzika.

Na ce, "Sha, ubangidana. Na ƙwato maka na ainihin."

Leɓunansa sun tsage, muryarsa kamar ana jan kara a ƙasa. Ya ce, "Fara kurɓa."

Na ce, "Haba Arzika, a nan ma?"

Ya ce, "Rantsuwa ba ta san wuri ba."

Don in nuna masa, ban kurɓa ba, kwankwaɗa na yi, har rabi. Na sauke ƙoƙon ina shirin yi masa gori, sai ɗakin ya juya. Cikina ya murɗe kamar ana matse wanki. Na faɗi a kan gwiwa, abin da na ci tun daga Kogin Toka ya fito, wanda ban ci ba ma ya biyo baya. Ƙoƙon ya kife. Hannuwana suka yi sanyi, na ji numfashi na yi mini rowa.

A haka Inna Tambai ta same mu, bayanta masu gadi da kulake naɗe da tsumma. Ta dubi tukunya, ta dubi jiƙaƙƙiyar ƙasa inda furen ya zube. Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi.

Ta ce, "Kai ba za ka mutu ba, cikinka ya fi hankalinka sanin abin da ya kamata. Shi ne zai mutu. Ka zubar da rabonsa."

Na ce, "Inna, a taimaka. A tsinko na sama, ni a yi mini duk abin da za a yi."

Ta ce, "Za a yi maka. Amma na sama ba a taɓawa."

Suka ja ni zuwa itacen. Inda na sassaƙa ya yi fari, yana tsiyayar ruwa. Suka tuɓe mini riga, suka manna bayana a kan raunin, suka naɗe ni da igiya tamau. Inna ta tsaya gabana, mutanen kwari a bayanta.

Ta ce, "Wanda ya tuɓe itace, shi zai rufe shi. Daga yau ba ka cikin mutane. Ba ka da suna, ba ka da laifi, ba ka da hakki. Kai ɓawon itacen nan ne har ya yi sabo."

Na ce, "Yaushe zai yi sabo?"

Ta waiwaya ta dubi inda mai rufaffen kunne yake.

Al'adarsu ce mai ciwon da aka fid da rai da shi a kwantar da shi gindin itacen da aka roƙa dominsa. Suka ɗauko Arzika suka shimfiɗe shi gabana, suka lulluɓe shi da mayafi, suka koma nesa kaɗan suka zauna jiran abin da za su jira. Rana ta karkata. Daga inda nake ina ganin tsagar ta wuce ƙirjinsa, tana neman ƙashin wuya.

Wani yunƙurin amai ya taso mini, jikina ya karkaɗa. Sai na ji itacen ya karkaɗa tare da ni. Wani ɗan fure guda, bai kai ƙwayar gero ba, ya sauko yana juyi, ya sauka a kan mayafin.

Na ɗaga kai na dubi fararen laimomin nan. Na dubi tumbina, wanda mutanen Tungar Ƙarfe ke cewa in na yi dariya ana jin sa a bayan ganuwa.

Na raɗa, "Arzika. In na yi dariya itacen nan zai zubar."

Ya ce, "To yi mana. Aikinka ne."

Na buɗe baki na gwada. Abin da ya fito daga maƙogwaro ya fito, bai taɓa ciki ba, ko ganye bai motsa ba. Masu gadi suka ɗago kai. Na sake gwadawa. Ni Tunau, wanda ya yi dariya a wurin kaciyarsa, na nemi dariya a cikina na tarar da wurin wayam. Ina duban wuyan ɗan kawuna, ina tuna Ige a bakin gari.

Na ce, "Ba ta zuwa."

Ya rufe ido har na ɗauka ya tafi. Can ya ce, "Bawana, karɓi wasiyya."

Na ce, "Kada ka fara."

Ya ce, "Uwar maƙera, wadda nake dukan ƙarfe a kanta, ta ƙanena ce. Zuga-zugi a ba almajiran ƙira. Ige kuwa, in ta gama takaba, ta auri wanda ta ga dama, ko kuturu ne. Ban da kai. Ba kishi ba ne, tausayinta nake ji."

Wani abu ya motsa a ƙasan cikina.

Ya ce, "In an tambaye ni can me ya kawo ni, zan ce ba cuta ba ce. Zan ce wani ne ya goyo ni, ya haye kogi da ni, ya kawo ni har bakin magani, ya zubar, ya dafa guba, ya shanye abinsa."

Daidai nan wani zakara mai ɗaurarren baki ya zo ya tsaya tsakaninmu. Ya miƙe wuya, ya kumbura, ya yi iyakar ƙoƙarinsa zai yi cara, ba abin da ya fito sai ɗan tsaki. Arzika ya juya ido ya dube shi.

Ya ce, "Ga ɗan'uwanka ya zo jaje." Ya ja numfashi da ƙyar. "Kuma ka sani, in Allah Ya yafe kuskurenka ka same ni a Aljanna, aka miƙo mana ruwan Alkausara, kai za ka fara kurɓa."

Ban san lokacin da ta ƙwace ba. Ta taso daga ƙasa, ta bugi igiya, ta fashe. Ina dariya ina hawaye, hawayen da shi ba shi da su, tumbina na dukan igiya, bayana na dukan itace. Itacen ya karɓa. Ramin cikinsa ya ɗauki muryata ya haura da ita, ya yi wani irin gunji da ya ratsa kwarin, har na ɗaure suka buɗe idanu. Rassa suka kaɗa. Fure ya sauko kamar an zazzage buhun gari, ya rufe mayafin, ya rufe gemun Arzika, ya rufe zakara.

Masu gadi suka taso da kulake. Na farkonsu ya ɗaga nasa daidai kaina.

Ya ce wa Inna, "Ya yi dariya. Ya girgiza itace. Hukuncinsa sananne ne."

Inna Tambai ta zo a hankali, ta tsaya tana duban mayafin. Ni dai na rufe ido.

Ta ce, "Wa ya yi dariya?"

Ya nuna ni.

Ta ce, "Ɗazu a gabanku na fitar da wannan daga cikin mutane, ba wanda ya musa. Ban ga hannu a reshe ba, ban ga sanda ba. Itace ya girgiza da ɓawonsa, ya zubar a kan mai ciwo. In kuna da ƙara, ku kai ƙarar itace." Ta sunkuya ta tattare bakin mayafin. "A ɗora ruwa."

A nan gindin itacen ta jiƙa shi, ta rufe, ta zauna a kan faifan da kanta. Da ya yi, ta tallafo kan Arzika. Ya dubi ƙoƙon, ya dube ni.

Ya ce, "Inna, wancan ya taɓa?"

Ta ce, "Hannunsa a ɗaure yake."

Ya ce, "To ba ni."

Ya sha, aka lulluɓe shi da barguna. Muka jira. Inuwa ta yi tsawo. Sai na ga wani abu na ƙyalli a goshinsa, guda ɗaya, ya gangaro ta gefen hanci ya shige gemu. Wani ya biyo. Kafin rana ta faɗi bargunan sun jiƙe sharkaf kamar an tsamo su daga rafi, tsagar ta tsaya yatsa guda ƙasa da wuyansa, yana kwance yana kuka da hawaye na gaske yana zagina.

Shi ya warke, ni ina nan ɗaure. Inna ta ce masa hanya a buɗe take, ya tafi. Ya ce ba zai koma ya gaya wa gwaggonsa, wato uwata, ya bar bawansa a jikin itace ba, ana iya cewa sayar da shi ya yi. Da ya zauna ne muka gane abin da ya cinye mai rufaffen kunne: ba shi da kowa. Ɓawo in yana tohowa, abin da ya tarar yake kamawa. Kullum safe Arzika zai cusa hannu tsakanin bayana da itacen ya shafa man shanu, ya ba ni abinci a baki, ya kore mini ƙuda, yana yi yana gaya wa masu wucewa cewa wannan ne ɓawo na farko a duniya da ke cin tuwo. Damina ta sauka a kaina ta ɗauke. Laimomin da suka tsira suka yi 'ya'ya kore, suka yi ja, suka yi baƙi. Ranar da Inna ta zo ta duba ta ce raunin ya rufe, aka kwance igiya, na yi taku ɗaya na faɗi. Duk da man shanun, itacen ya riƙe wata 'yar fata daga bayana, tsawon kamu, faɗin tafi. Ya karɓi abinsa daidai.

Inna ta ba mu busasshen fure cikin jaka, wanda aka shanya a inuwa, ta ce na mutanen garinmu ne da suka rage. A hannun Arzika ta sa. Ni ko kallona ba ta yi ba, sai da muka kai bakin dutse ta ce, "Ɓawo, a sauka lafiya."

Muka zaga ta mashigin da ba na Kogin Toka ba, muka iso gida. Waɗanda aka tarar da rai suka sha suka yi gumi, waɗanda ba a tarar ba muka je muka yi musu addu'a, kuma suna da yawa. Ige ta dama fura. Arzika ya karɓi ƙwaryar da hannunsa, ya kawo mini har inda nake zaune, gaban jama'a.

Ya ce, "Sha, Tunau. Ka sha wuya saboda ni."

Tun da uwata ta haife ni bai taɓa kiran sunana ba. Idona ya ciko. Na kafa kai na yi ta zuƙa, sai da na kai rabi wutar ta tashi. Barkono ne, dakakke, irin ƙananan nan. Gumi ya karyo mini tun daga tsakar ka.

Arzika ya zauna, ya gyara riga, ya ce wa jama'a, "Ku shaida, shi ma ya yi gumi. Ba sai an kai shi ko'ina ba."

Nan hikayata ta tsaya. Wanda ya ce ƙarya ce, ya zo in ɗaga masa riga, tabon na nan, kuma duk shekara in lokacin fure ya yi sai ya yi ta ƙaiƙayi. Abin da na ƙara Allah Ya yafe, abin da na rage Arzika zai cika muku, in kun yarda da maganar maƙeri.